Cediyar Gwaggo da Bangon Baba

Daga Allah muka fito, kuma wurinsa kowa ya dosa, ko ya shirya ko bai shirya ba. Gwaggona, yayar mahaifina, ta cika da hantsin wata Talata a tsakiyar damina, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Allah ya ji ƙanta, ya yi mata rahama.

Na gaji, kuma ba kuka ne ya gajiyar da ni ba, don kuka yana ƙarewa. Tambaya ɗaya na yi ta amsawa har muryata ta dushe. Duk wanda ya yi sallama a gidanmu ranar sadakar uku, kafin ya ce "ya haƙuri" sai ya ɗaga kai sama, ya ga sarari fayau inda ya saba ganin ganye. In ya sauke kai sai ya ga kututture tsaye a tsakar gida yana tsiyayar da farin ruwa. Daga nan sai tambayar ta fito: "Ina cediyar?"

Tamfol muka aro muka kafa wa mata, ya riƙa tara zafi yana sauke musu a ka. Wata tsohuwar Bazabarma mai fura ta shigo, ba ta dubi kowa ba, ta wuce ta dafa kututturen ta yi ta kuka, mu masu mutuwa muna zaune muna kallonta. Abokan sana'ata na kasuwar Adawlato, matan ƙabilar Mina da muke jere da su muna sayar da atamfa, sun zo cikin zane iri ɗaya. Babbarsu ta riƙe hannuna ta ce da Hausarta, "Mama ya mutu, itace ma ya mutu? Kai, wannan gida ya ga abu." A zaure kuwa liman cewa ya yi rabin matasan da suka yi wa Gwaggo salla ita ta yanke musu cibi, sauran rabin kuma ba a unguwarmu ta Zongo aka haife su ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da wata matar kawunmu ta yi, wai ita a dole ƙasa-ƙasa take yi, alhali har zaure ana jin ta. Ta ce, "Ko sanyi gawar ba ta yi ba ya ɗauko gatari. Dama shekara da shekaru jira yake yi." Baba ya ji. Bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Na san halinsa, har ya mutu ba zai buɗe baki ya wanke kansa ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a tuna da Gwaggo yadda take, kada kuma a shafa wa ƙanenta baƙin fenti a kan abin da ba a sani ba.

Gwaggo ce ta riƙe mu, ni da ƙanena, bayan rasuwar mahaifiyarmu. Gajeriya ce, mai kaurin hannu, ba ta rabuwa da ɓarin goro a kunci. Ungozoma ce ta unguwa, rezarta da zarenta suna cikin wani tsohon gwangwanin madara da ba mai taɓa shi. Ba ta iya lallashi ba. In mai naƙuda ta cika ihu sai ta ce, "Ajiye ƙarfin nan, da sauran aiki." Amma in an sauka lafiya ita ke kwana a gidan tana hura wuta, kuma gidan da ta ga babu, da sabulunta take zuwa, ba ta komawa da shi. Baba kuwa dillalin shanu ne, gemunsa ya yi fari, manyan mutane suna ce masa Alhaji. Ita ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Auta, ko a gaban wa.

A tsohon Zongo muka tashi, can cikin gari, inda in iska ta juyo kana jin hayaniyar babbar kasuwa. Gidanmu na laka ne da rufin kwano, kamar yawancin gidajen wurin. Daidai tagar ɗakin Gwaggo akwai wata cediya da ba wanda ya san wanda ya dasa ta. A gindinta ake binne mabiyiyar duk jaririn da aka haifa a gidan, tawa tana can, ta ƙanena tana can. Akwai kuma wani abu a gindin da ba a maganarsa. Gwaggo ta taɓa haihuwa sau ɗaya a duniya, namiji, bai kai suna ba ya koma. Aka binne shi a cikin gida yadda ake yi wa jarirai, a gindin cediyar. Aurenta ya mutu bayan haka, ba ta sake wani ba. Kullum da yamma takan zuba ragowar ruwan alwalarta a wurin, mu yara muna tsammanin itacen take shayarwa.

Sai zamanin tashi ya zo. Lokacin jam'iyya ɗaya ce, rediyo ɗaya, magana ɗaya, in an ce a fito a yi rawa a filin taro, fitowa ake yi a yi. Aka ce Zongo ya tsone wa gari ido, ana son filin. Manya suka yi ta kai gwauro suna kai mari, ba abin da ya sake. Ranar da katafila ta iso kowa ya shiga ciro abin da zai ciru, kwano, ƙyaure, taga, tukwane. Ni na riga na zama budurwa, ina ɗaure kayan ɗaki, na waiwaya ban ga Gwaggo ba. Can na hango ta da adda tana saran reshen cediya. Ta sare wani mai tsawon taɓarya, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ta rungume shi ta hau kamyo, babbar motar kaya. Gadonta na ƙarfe a can aka bar shi, don babu wuri. Wani soja ya yi dariya ya ce tsohuwa ta ɗauko itacen girki. Ba ta tanka masa ba, a lokacin ba a tankawa.

Aka kwashe mu aka zube can arewacin gari, gaba da unguwar Agbalépédo da nisa, a wani fili mai sauro da taɓo inda ko inuwar akuya babu. A nan Baba ya yi rantsuwa ba zai sake gini da laka ba. Ya ga yadda katafila ta bi ta kan gidan ubansa ko tsayawa ba ta yi ba. Ya ce wannan karon da siminti zai gina, da bulo da ƙarfe, gidan da ko an zo rushewa sai an ji kunya. Ya yi shekaru yana yi, yau layi ɗaya, gobe layi biyu, muna kwana a rumfar kwano. Ban taɓa ganin mutum ya ƙwallafa rai a kan abu kamar yadda Baba ya ƙwallafa a kan bangon nan ba. Da safe kafin ya tafi kara, kasuwar shanu, sai ya bi shi yana shafawa.

Tun ana haƙa harsashi Gwaggo ta kafa reshenta. Ta kafa shi daidai inda tagar ɗakin gabas za ta zo, kusa da har in ka miƙa hannu ta taga za ka taɓa shi. Maginin, wani dattijon Mina mai fara'a, ya ce mata, "Mama, matsa shi can tsakiya. Wannan itace ƙafarsa dogo ne, yana tafiya a ƙasa."

Ta ce, "A can gida nan take, bakin taga."

"Can laka ne, Mama. Nan siminti ne."

"To ba ka ce siminti ya fi ƙarfi ba? Mene ne abin tsoro?"

Magini ya dubi Baba, Baba ya dubi reshen, ɗan sanda ne tsirara ko ganye babu. Ya ce a bar ta, ƙila ma ba zai kama ba. Wanda ya san cediya ya san wannan magana ce ta wanda bai san ta ba, don ko a kan juji ka yar da reshenta sai ya yi saiwa.

Kuskuren Gwaggo a nan yake, kuma ban ga laifinta ba. Duk rayuwarta bangon laka ta sani. A tsohon gida ma saiwa tana tura bango, amma laka tana ba da hanya. Bangon ya kumbura nan, ya karkace can, in damina ta wuce mata su kwaɓa ƙasa su yaɓe, shi ke nan sai baɗi. A wurinta haka bango yake, abu ne da ake lallaɓawa kowace shekara. Ba ta san akwai ginin da in ya tsage ya tsage ke nan ba.

Gaskiya kuma, dukanmu mun ci moriyar cediyar. Kafin ka ce me ta yi rassa ta rufe tsakar gida. A duk sabon Zongo, inda kowa ke fama da rana da kewar tsohon wuri, gidanmu ne ya fara yin inuwa. Mata suka mai da shi wurin kitso da tsintar shinkafa. Jariran da aka fara haifa a sabon wurin, iyayensu mata suka riƙa roƙon Gwaggo ta binne mabiyiyarsu a gindinta, don su ba su da wani itace a gidajensu. Baba da kansa a ƙarƙashinta yake shan kokonsa, in ya yi baƙi daga arewa nan yake shimfiɗa musu tabarma yana alfahari.

Ɓarnar ta fara a hankali. Daɓen tsakar gida ya yi tudu a wani wuri, yara suna tuntuɓe. Ƙyauren ɗakin gabas ya daina rufuwa sai an ɗaga shi da gwiwa. Sai wata 'yar tsaga siririya ta fito daga kusurwar taga, ta riƙa bin tsakanin bulo tana hawa a karkace. Ƙasar wurin yumɓu ce, da rani cediya ta zuƙe damshin da ke ƙarƙashin harsashi, ƙasa ta tsuke, bango ya zauna, tsagar ta buɗe har yatsa ya shiga. Da damina ƙasa ta kumbura, tsagar ta haɗe baki. Gwaggo sai ta kira Baba ta nuna masa. "Ka gani, Auta? Ta warke da kanta." In rani ya dawo ta buɗe fiye da bara, ba ta kiransa.

Ba cediya kaɗai ba. Gwaggo ta shuka soso a gindin katangar baya don wankan masu jego, ya hau ya lulluɓe ta, kore shar, gwanin sha'awa. Amma ganyen ya hana rana taɓa bulo, damshi ya zauna, katangar ta yi baƙi, shafen siminti ya fara rugurgujewa. Ranar da Baba ya fusata ya finciko soson, da shafen ya taho ɓarɓashi-ɓarɓashi. A ƙarƙashi kuma ya tarar da 'yan ƙananan cediyoyi sun tsiro cikin tsagogin katangar, jemagu ne suka ci 'ya'yan suka yi kashinsu a wurin. Ya ja ɗaya, ta ƙi fitowa, saiwarta ta riga ta ratsa tsakanin bulo ta leƙa gidan maƙwabci. Ya tsaya riƙe da ita yana huci, Gwaggo tana bayansa tana tsince sosonta daga ƙasa tana mita.

Maganinta ɗaya ne. Kowace shekara in damina ta ɗauke, sai ta kwaɓa laka da ciyawa, ta hau turmi, ta bi tsagar ɗakin gabas tana cusawa tana shafewa da tafin hannu. Laka ba ta kama siminti, ruwan farko yake wanke ta. Ta sani, mu ma mun sani, amma ba ta taɓa fashi ba. In ta sauko tana wanke hannu sai ta ce, "Siminti ba shi da haƙuri. Abu kaɗan ya ɓata rai." Ƙanena, da yake ɗan lakwal ne, wato makarantar boko, ya taɓa tsayawa yana yi mata bayani rabi da Faransanci, wai bangon zai faɗi. Ta ce, "Da Faransanci kake faɗa don bangon ya ji? Shi ma lakwal ya yi?" Muka yi dariya har da Baba, amma dariyarsa ba ta yi nisa ba.

Rikicin da kowa ya sani ya faru ne shekarar da saiwa ta fasa kwatamin ruwa. Magini ya haƙa gefen harsashi ya nuna wa Baba wata saiwa mai kaurin cinya ta shige ƙarƙashin ɗakin, ta ɗaga kankaren ta tsaga shi. Washegari Baba ya zo da masu gatari. Gwaggo ta fito da tabarmarta ta shimfiɗa a gindin cediyar, ta jingina, ta ɗauko faifai tana tsintar wake.

Baba ya ce, "Yaya, tashi."

Ta ce, "Aiki nake yi, Auta."

"Yaya, don girman Allah. An rushe mini gida sau ɗaya ina kallo, ban iya cewa komai ba. Wannan da ƙarfina na gina shi, ba ni da ƙarfin gina na uku. Kina so in ƙare a rumfar kwano da tsufana?"

Ta ajiye faifan. "Kai bango aka rushe maka. Bango a buhu ake sayo shi. Ni abin da na bari a can ka san shi, kai ka haƙa ramin."

Baba ya sallami masu gatarin, ya shiga ɗaki. Sun yi makonni ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, amma ko sau ɗaya tuwonsa bai yi latti ba, kuma da hannunta take kaɗa masa miyar. Daga baya aka yi sulhu irin na gajiyayyu. Aka haƙa rami tsakanin itace da bango, aka datse saiwoyin da ke wajen ɗakin, aka binne tsohon kwano a tsaye don ya tare hanya. Ya yi amfani na ɗan lokaci. Saiwar ta bi ta ƙarƙashin kwanon ta koma inda ta fito.

Sau ɗaya ta ce in raka ta tsohon Zongo. Muka shiga mota muka je. Ban gane wurin ba sam, dogayen benaye ne masu gilashi, ƙasa duk kwalta. Ita kuwa ta yi ta tafiya tana duban gabas tana duban yamma, har ta tsaya a wani filin ajiye motoci. Ta nuna da haɓa ta ce, "Ga shi nan, ƙarƙashin waccan farar motar." Mai gadi ya taso yana korar mu da hannu. Ta tofa addu'arta daga inda take, muka juya. Da muka iso gida ta wuce gindin cediyarta ta zauna da mayafinta da takalminta. Ba ta sake neman komawa ba.

Abin da ya karya ta a kaina ya faru. Na zo gida wankan jego na haihuwar fari, aka sa ni a ɗakin gabas. Gwaggo ce ta karɓi haihuwar, ita ta binne mabiyiyar a gindin cediya. Wata rana da azahar, bayan an kwana biyu ana ruwa, na kwantar da jaririyar a kan katifa na fita shanya. Sai muka ji rugum. Muka ruga, muka tarar wani ɓangaren shafe da rabin bulo ya ɓallo daga saman taga ya faɗo a gefen katifar, ƙura ta rufe fuskar yarinyar, tana ta tsala kuka. Tsakaninta da bulon bai kai tafin hannu ba. Na ɗauke ta, kuma ban ɓoye ba, na dubi Gwaggo na ce, "Sai ta kashe wani tukun?" Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki ɓallin bulon, ta jinjina nauyinsa a hannu, ta fita da shi.

Mun zaci gobe za ta ce a kira masu gatari. Ba ta ce ba. Da yamma sai ga ta tana jan tabarmarta da akwatinta zuwa ɗakin gabas, ta ce ni da jaririya mu koma nata. Baba ya ce ba zai yarda ba, a rufe ɗakin kawai. Ta ce, "Ni na dasa. In zai faɗo, ya faɗo a kaina." Ba yadda ba a yi da ita ba. A ɗakin nan ta ƙare kwanakinta, bango yana tsattsafo da ruwa, iska tana shiga ta tsaga, an tokare saman taga da katako. Tari ya kama ta ya ƙi saki. Na ji haushinta a lokacin, har yanzu ma in na tuna ina ji, don taurin kanta ya ci mu duka. Baba ya rame, in hadari ya taso ba ya iya zama, sai ya yi ta kewaya ɗakin yana duban bango. Shekarar ba ta iya hawa turmi ba, amma ta sa aka kwaɓa mata laka ta shafe iya inda hannunta ya kai daga zaune.

Ana saura 'yan kwanaki ta cika, da la'asar, ta aike ni in kira Baba. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ni ina gefenta ina yi mata fifita. Ta daɗe tana kallon rassan ta taga.

Ta ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Itacen kabarina kada a nemo a waje. Ga shi nan a tsakar gida, a sara a jera mini. In an ɗibi nawa, sauran ka gama da shi, ka gyara ɗakinka."

Baba ya ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan? Za ki tashi."

"Ka ji abin da na ce. Ni dai kada in ji ƙarar gatari da kunnena, iyakar abin da na roƙa ke nan tun farko, kai ne ba ka gane ba." Ta yi tari, ta huta, sannan ta ƙara, "Kada kuma ka tsaya jiran arba'in. Na san ka, in ka jira ba za ka iya ba."

To, wannan ita ce amsar tambayar da aka yi ta yi mini. Safiyar da ta cika, ana yi mata wanka a ɗaki, samarin unguwa suna kan cediya da adduna, yawancinsu waɗanda ta yanke wa cibi ne. Suka sassaro rassa madaidaita aka tafi da su maƙabarta. Sauran aka gama washegari, kamar yadda ta ce. Baba bai taɓa gatari ba, bai ma iya tsayawa a gidan ba, a masallaci ya wuni har aka gama.

Kada kuma a zaci gidan ya tsira ke nan. Magini ya tsufa, ɗansa ne ya zo ya duba. Ya ce saiwoyin da ke ƙarƙashin ɗakin za su ruɓe su bar rami, ƙasa za ta sake zama, bangon gabas dai sai an sauke shi an tayar da sabo. Kututturen ma bai haƙura ba, har ya fara fitar da 'yan jajayen ganye, Baba yana bi yana tsinkewa. Tsakar gida kuwa ba ta zaunuwa da rana, matan kitso sun koma wani gida. Baba yana shan kokonsa a zaure shi kaɗai. Ya samu abin da ya yi shekaru yana nema, kuma ban taɓa ganinsa a gajiye kamar yanzu ba.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, ƙanena ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can. Ya ce an sa ta, an jera itacen cediyar a kanta, an toshe da ganyenta da laka, an mai da ƙasa, an yi addu'a, mutane suka fara watsewa. Wani reshe ya rage a gefe, mai tsawon taɓarya. Baba ya ɗauke shi ya tsaya wajen kanta. Ya ɗaga ido ya dubi katangar maƙabarta ta gabas, ya juya ya dubi ta yamma, ya ga duk da nisa. Sannan ya kafa reshen, ya danna ƙasa da ƙafa, ya juye masa ragowar ruwan butarsa.

Ƙanena ya ce masa, "Baba, ai zai kama."

Baba ya ce, "Na sani. Nan babu bangon kowa."

Allah ya sanyaya makwancinki, Gwaggo, ya haɗa ki da ɗanki a inuwar da ba mai tashinku. Matar kawu kuma, in tana son ganin mutumin da ta ce ya ƙosa, ta tsaya bakin hanyar maƙabarta ranar Juma'a da safe. Za ta gan shi yana tafe a hankali, da butar ruwa cike a hannu.